Lemon 'Yan Dubiya

Nas ta gama gwada jinin Mama, sai ta kamo yatsan Auta. "Ke ma kawo, tun ɗazu sai zaryar banɗaki kike."

Tun da ciwon suga ya kwantar da Mama, 'yan dubiya ba sa zuwa hannu rabbana, kowa da lemon kwalbarsa. Zubarwa almubazzaranci ne, in an ajiye kuwa Mama za ta sha a ɓoye. Sai Auta ta riƙa shanyewa a tsaye, tsakanin wanki da girki, maimakon abincin da ba ta samun zaman ci.

"Na Mama ya sauka," in ji nas. "Naki ne ya hau."

A gida Mama ta turo mata kofin shayinta marar suga.

"Sha, Auta. Ana sabawa."