Tuffar da Aka Yanka a Tsaye

Da Cione ya dawo daga gadin ganuwa, sai ya tarar da rabin tuffa a kan teburi, an yanka ta a tsaye, daga kai zuwa gindi.

A garinsu na magoya bayan Fafaroma, ko ɗan yaye ya san a gicciye ake yanka tuffa. Yankan tsaye na mutanen Sarkin Sarakuna ne, abokin gabar Fafaroma, waɗanda aka fatattaka bayan yaƙin bara, aka rushe gidajensu. Cikin korarrun kuwa har da Baldo mai dogon wuya, wanda ya riga neman Nella kafin Cione ya aure ta.

Cione ya tambayi Nella. Ta ce ba wanda ya shigo, ta yi wuf ta jefa wa alade tuffar. Wuf ɗin nan ne ya tsaya masa a maƙogwaro.

"Wato ni ina can ana yi mini ruwan kibau, wani ƙato na nan yana cin tuffata," in ji shi, yana hura hanci.

"Sassauta murya, maigida, Mama na barci."

Ya ɗaga gado, ya leƙa gangunan giya. Har ɗakin mahaifiyarsa ya birkice, tsohuwa na ta yi masa murmushi tana kiransa da sunan wani, rikicin tsufa.

Ran Lahadi ya tsinci wani yankan a kwandon shara. Bai zame ko'ina ba sai wurin shugaban dakaru, ya rantse maƙiyi na cin abinci a gidansa. Ya san hukuncin: kora tsirara ta ƙofar gari, in an dawo, wuta. Daidai wuyan Baldo.

Dakaru suka kife gidan, ba kowa. Nella ta riƙe wa Cione hannu, tana roƙon ya sallame su tun da rana. Shi kuwa jin roƙon nan sai ya ja musu kujeru, ya ce su zauna, mutumin yana tafe.

Suna zaune tsohuwa ta fito tana dogara sanda. Ta yi wa Nella faɗan barin baƙi da baki a bushe, ta jawo kwandon tuffa. Nella ta kai hannu ga wuƙa, ta makara.

"Ci, ɗana, haka muke yi a gidan babana," in ji tsohuwa, ta tsaga tuffar daga kai zuwa gindi, ta miƙa wa shugaban dakaru.