Rawar Hannun Mardiya

Kullum da safe Mardiya takan tsaya gaban madubi ta faɗa wa kanta sau goma cewa ita jaruma ce. Haka wani mai koyar da ƙarfin zuciya ya ce a yi a cikin wayar salula, mutum mai daɗin baki wanda da ji ka san bai taɓa wanke jini a daɓen ɗaki ba. Takan ja dogon numfashi, ta rubuta abubuwa uku da take gode wa Allah a kansu, ta sa farar riga ta nufi likita, wato ƙaramin asibitin garin. Tana isa ƙofar ɗakin haihuwa sai hannuwanta su kama rawa.

Ita kaɗai ce ungozomar da ta yi karatun aikin a wannan yanki na ƙasar Buza. Daminar bara aka kawo mata wata Rukaiya da cikin fari, jini ya ɓalle da la'asar. Ƙorama ta cika ta yanke hanya, motar asibiti ta tsaya a ƙetare direba yana kallon ruwa. Rukaiya ta cika a hannunta, ta tafi da cikinta, idonta a buɗe yana kan Mardiya. Ko gaisuwa Mardiya ta kasa zuwa. Ita Mardiya baƙuwa ce daga Madawa, mutanen gari kuma suka yi mata kara, ba mai tayar da maganar a gabanta.

Tun daga ranar aikinta ya koma awon ciki da awon jarirai. Duk mai naƙuda sai ta tura ta Buza a kan amalanke. Ta ji warin jabel, ruwan da ake wanke ɗakin haihuwa da shi, ta ga idon nan, ta ji ɗigar ruwa a kwano ta waiwaya. Majo, shugaban likitar, ya yi haƙuri har ya gaji. Ya ce in damina ta faɗi ba ta koma ɗakin ba, zai rubuta wa manyansu na birnin Tawa a karɓe aikin, ko da yake shi ma ya san sai a shekara ba a turo wata ba.

Cikin sanyi wata tsohuwa mai tallar zogale, Inna Sa'a, ta fara tsayawa ƙofar gidanta. Daga wata tunga take zuwa, tafiyar awa guda a ƙasa, kuma ba ta damu a saya ba. Ta saurari mai daɗin bakin nan na ɗan lokaci, ta taɓe baki.

"Wanga shina magana da kunnenki," in ji ta. "Ke ko hannu ag gare ki da ciwo. Taho mu tahi fadama."

Tsohuwar ta sa ta dashen albasa, tsiro kamar zare, wanda in ka matsa ya mutu, in ka sassauta ya kwanta. Mardiya ta kashe rabin kwami, wato fangalin dashen, a ranar farko. Tsohuwar ba ta yaba ba, ba ta kushe ba, ta miƙo mata wani dami. Daga albasa aka koma cire ƙaya a ƙafar jaki. Ranar da akuya ta kasa haihuwa, Inna Sa'a ta naɗe hannu ta ce nata idon ya mutu, sai Mardiya ta durƙusa tana kuka ta juya ɗan ta fito da shi da rai.

A ranar ce Mardiya ta yi niyyar ba ta labarin Rukaiya. Tsohuwar ta katse ta. Ta ce su ma sun yi rashi bara, wata yarinya, kowane gida da nasa, ta ɗauki ƙwaryarta. Takan rako Mardiya har likita, amma ba ta taɓa wuce inuwar bishiyar dogon yaro da ke bakin ƙofa ba. Wani lokaci sai ta tsaya tana kallon gabas, tana tambaya ko saura wata nawa ruwa ya sauka.

Ruwa ya sauka da ƙarfinsa wata Talata da hantsi, ƙorama ta kawo. Kafin azahar ga amalanke a ƙofar likita, Inna Sa'a tana biye a jiƙe sharkaf, a kai kuma 'yarta Ikram tana murƙususun naƙuda. Hanyar Buza ta riga ta yanke. Majo ya dubi Mardiya.

"Ga ta nan, ɗiyata," in ji tsohuwar. "Ni nan nika zama." Ta zauna a gindin dogon yaro, cikin taɓo.

Mardiya ta shiga. Warin yana nan, gadon ƙarfen yana nan, idon ma yana nan, har ta ga kamar daga fuskar Ikram yake kallonta. Tsoro ya kama ta sosai. Ta sa safar hannu tana jiran rawar ta zo, ba ta zo ba. Cibiya ta naɗe wuyan jaririn, ta zare ta a hankali. Jini ya so ya yi gardama, ta danne mahaifa ta yi allura, ta tsaya a kai har ya tsaya. Da la'asar kukan yaro ya cika ɗakin.

Sai da ta wanke hannu ta ɗauko katin asibiti da ba ta samu cikawa ba, don Ikram ba ta taɓa zuwa awo wurinta ba. Ta tambayi shekaru, ta tambayi sunan miji. Ta tambaya ko a danginsu an taɓa samun wadda haihuwa ta ba wuya.

Ikram ta juyo da kai a gajiye, da ɗan mamaki a fuskarta.

"Ashe Inna ba ta hwaɗa miki ba? To, ɗiyar fari ta, ba ta kiran sunanta. Yayata Rukaiya, bisa gadon ga tar rasu bara."