Dodon da Aka Yi wa Sallama

Ka tambaye ni wace ƙa'ida ta fi a wasan nan naku, Tanimu, tunda abokanka sun fara janye jiki in kai ne jagora. Bari in ba ka misali. A wani gari da na taɓa sauka, Gumel ne ko Haɗeja, ya shige mini, na ga magidanta suna irin wannan wasa bayan la'asar. Kowa ya ɗauki mutum guda ya zama shi, wannan maharbi, wancan bafatake. Jagora ya faɗi abin da ke gabansu, su faɗi abin da za su yi, a jefa ƙwaya a ga ko sun dace. Jagorori biyu ne a garin, wani tela da wani mai gyaran keke. Telan yana da littafi mai kauri da ƙwayoyi irin na lido, komai an yanka masa ƙa'ida, har nisan da kibiya ke ci. Mai keke kuwa ƙwallayen dabino ne a aljihunsa, ya shafa wa kowanne baƙin tukunya a gefe guda. In fari ya rinjaya ka dace, shi ke nan.

Telan ya daɗe yana shirya wani dodo a cikin kogo, ya auna shi kamar babbar riga. Da 'yan wasa suka iso bakin kogon, sai mai riƙe da bafatake, wani dattijo mai sayar da goro, ya ce shi bai taɓa faɗa wa gidan mutum ba sallama ba. Ya yi sallama, ya miƙa goro. Tela ya buɗe littafinsa nan, ya buɗe can, babu babin gaisuwa. Ya ce, "Baba, ba a gai da dodo, zare takobi." Suka yi faɗan yadda ya ɗinka shi, suka kashe dodon suna hamma. Washegari ya shimfiɗa tabarma, ba wanda ya zo sai akuyar maƙwabta.

Ashe suna rumfar mai keke, sun roƙe shi ya kai su kogon nan. Shi bai shirya komai ba. Dattijo ya sake sallama, aka jefa ƙwallaye, fari ya rinjaya. Sai mai keke ya shaƙe murya ya amsa a matsayin dodon, ya ce kowa da mashi yake zuwar masa, ba mai tambayar ya ya kwana. Goron ma ba zai taunu ba, haƙori ke damunsa, shi ya sa yake ruri. Maharbi ya kwance tsarkiyar bakansa ya ɗaura wa haƙorin, sauran suka kama ja. Dariya ta kai har shagon tela. Ya taso da littafinsa a hammata ya tsaya daga baya. Mai keke ya matsa masa wuri, ya ce ya duba musu ƙarfin mutum nawa ke cire haƙorin dodo. Tela ya duba babin jan kaya, ya samo. Daga ranar ya koyi sauraron mutanensa kafin ya buɗe shafi, tabarmarsa kuma ta sake cika.

Littafin ba shi da laifi, ɗana, ƙwallon dabino ma haka. Ka riƙe wanda ka ga dama, amma kunnenka ya tsaya ga masu wasa. Hausawa sun ce, in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya.