Motar Nazarali Ta Ƙi Tashi

Sorbon ya sake murɗa makulli. Motar ta yi tari, ta yi gurnani, sannan ta yi shiru abinta.

Tun asuba suka baro ƙauyensu a kwarin Rasht, mota na gudu lafiya ƙalau. Mahaifinsa, Nazarali, shi ya ce su tsaya a maɓuɓɓugar bakin hanya, wai yaro ya sha ruwan garinsu na ƙarshe ya cika gora. Sorbon ya gangara, ya sha, ya wanke fuska, ya dawo. Daga nan mota ta ce ba ta san zancen ba.

Jirgin saman zuwa Rasha zai tashi daga Dushanbe, babban birnin ƙasarsu, bayan azahar. Can Rasha akwai aikin gini da aka riƙe wa Sorbon, kuma mai aikin ya faɗa da bakinsa cewa duk wanda bai sauka a wannan jirgin ba, an ba wani gurbinsa. Wata shida Sorbon ya yi yana bin wannan gurbi.

Nazarali ya ɗaga bonet ya zura kai. Rabin rayuwarsa ya yi yana tuƙa wannan tsohuwar mota, ya san kukanta kamar yadda uwa ta san kukan jaririnta, amma yau sai taɓa nan yake yi ya taɓa can. Ya kwance fulogi ya goge, ya mayar, ya sake kwancewa.

A wannan hanyar kuwa, duk wanda ya taɓa riƙe sitiyari makanike ne. Kafin a jima motoci uku sun tsaya. Wani mai jigilar tuffa ya rantse gurɓataccen mai ne, irin wanda ake sayarwa a kwalba. Wani ya juye ragowar shayinsa mai zafi a kan batir, ya ce haka kakansa ke yi, ko da yake kakan nasa jaki yake hawa. Na ukun ya samo sanda ya shiga dukan tanki kamar ta yi masa laifi. Aka tura ta a gangare, mutum biyar suna haki, ta yi tsalle sau biyu ta tsaya.

"A duba wayoyin ƙarƙashin sitiyari mana," in ji mai tuffa.

"Na duba," Nazarali ya ce a takaice. "Ka koma kan tuffarka."

Sorbon ya fita tsakiyar titi yana ɗaga hannu. Motocin haya masu zuwa birni duk a cike suke maƙil, har da tumaki a bayan wasu. Wani direba ya rage gudu, ya ce in zai hau kan rufi bismilla, ya wuce yana dariya. Rana ta yi sama. Yaron ya dawo idanunsa sun kaɗa sun yi ja.

"Baba, don Allah ka yi wani abu. Kai ne fa kake cewa ko a mafarki za ka iya gyara ta."

Nazarali bai ɗago ba. Zufa ta jiƙa masa riga sharkaf, ga yatsansa ya yanke yana jini, bai ma kula ba.

Sai ga wata tsohuwar motar ɗaukar kaya ta tsaya daga ɗaya hannun. Direbobi suka yi ta hamdala, don Usto Hikmat ne, makaniken da duk kwarin ya san ba a kai masa mota ta kwana. Sorbon ya ruga ya kama hannunsa da hannu biyu. Shi kuwa Nazarali, tunda yake bai taɓa jin tsoro irin na wannan lokacin ba.

Usto ya sa aka murɗa makulli, ya kasa kunne wajen tanki. Ya tambayi inda za su, Sorbon ya zayyana masa komai cikin sauri. Tsohon ya dubi Nazarali.

"Shi kaɗai gare ka, ɗan'uwa?"

"Su biyu ne. Babban ya tafi can aikin gini bara waccan. A motar nan na ɗauko akwatin gawarsa daga filin jirgi."

Usto ya buɗe ƙofar direba, ya durƙusa, ya cusa kai ƙarƙashin sitiyari. Ya daɗe a wurin, har direbobi suka fara kallon juna. Nazarali ya jingina da mota, ya kawar da kai.

Da Usto ya fito, sai ya karkaɗe gwiwoyinsa a hankali.

"Wannan ba gyaran bakin hanya ba ne, ɗana. Yau dai ba za ta kai Dushanbe ba."

Sorbon ya roƙe shi, ya yi masa magiya, ya ce ya sake dubawa ko sau ɗaya ne. Usto ya girgiza kai. Yaron ya ɗaga jakarsa ya maka da ƙasa, ya gangara bakin ruwa ya zauna, kafaɗunsa na girgiza. Ko da mota ta samu yanzu, jirgi ya riga ya kuɓuce masa. Direbobi suka watse ɗaya bayan ɗaya, kowa yana cewa da an bi shawararsa da tuni an isa.

Usto Hikmat ya zo ya yi sallama da Nazarali. Ya riƙe hannunsa bai saki ba, ya matso kusa da kunnensa.

"In za ka mayar da fiyus ɗin famfon man da ka cire, ka bari sai yaron ya ba ka baya. Ni ma ɗa guda ya rage mini."