Keken Da Ya Fi Ƙarfin Hanif

Tun ranar da likita ya gaya masa sukarin jininsa ya fara hawa, Hanif ya ƙudurta komawa hawan keke. Ma'aikaci ne a wata ma'aikatar tarayya, mutum mai kaifin kai, amma bakinsa bai saba da cewa "ban sani ba". Rabonsa da keke tun yana firamare. A ganinsa kuwa, keke ai keke ne.

Abokin aikinsa Michael ya daɗe yana fita da ƙungiyar masu keken tsere duk ranar Asabar. Da ya ji labari sai ya ce, "Ka bari mu je tare. A duba tsayinka, ka hau ka gwada. Ka fara da mai sauƙi tukuna."

Hanif ya yi dariya. "Haba Michael! Motata ni kaɗai na je na zaɓo, sai keke ne zan nemi ɗan rakiya?"

Da aka tashi aiki ya zarce wani shagon kekuna a unguwar Gwarinpa. Yana shiga idonsa ya faɗa kan wani jan keke da aka rataye a bango, mai siraran tayoyi, kai a lanƙwashe, sai ƙyalli yake yi. Mai shagon, Sale, ya lura da inda idon ya tsaya. Keken ya daɗe a wurinsa, domin na dogon mutum ne ƙwarai, Hanif kuwa gajere ne.

"Oga, ka san kaya!" in ji Sale. "Wannan na manya ne. Ka fita da shi, kowa sai ya juyo."

Hanif ya ɗora ƙafa. Da ƙyar yatsunsa suka taɓa ƙasa, kuma sai da ya miƙe kamar mai iyo kafin hannunsa ya kai kan keken.

"Bai yi min tsawo ba kuwa?"

"Haka 'yan tsere ke hawa, oga. Jiki zai saba."

Sale ya haɗa masa da takalmin da ke maƙalewa a jikin feda. Bai nuna masa yadda ake cire ƙafa ba, shi kuma Hanif ya ji nauyin tambaya.

A gida matarsa Murja ta zagaya keken tana kallo. "Abban Ameera, anya wannan abin bai fi ƙarfinka ba? Ka zagaya layinmu da shi mana kafin ka hau babban titi."

"Ke dai ki tanadi abin karyawa. Da su Michael zan fita, kuma ba a baya zan dawo ba."

Ranar Asabar da safe Michael na ganin keken ya girgiza kai. "Wannan ba naka ba ne, Hanif. Ka bari yau, na ara maka nawa na da."

"Mu je kawai," in ji Hanif, ya taka ya shige gaba.

Da farko abin ya yi masa daɗi. Iska na dukan fuskarsa, keken na tafiya kamar ba ya taɓa kwalta. Kafin su kai Idu wuyansa ya ƙage, tafin hannunsa ya yi sanyi ya daina ji, amma ya cije don kada a ce sabon shiga ne.

Bayan sun wuce masana'antu suka nufi Jiwa, hanya ta yi gangara. Keken ya kwashi gudu. Can ƙasa wata tifa ta tsaya, wata mata kuma ta fito ta bayanta da kwandon doya a ka za ta tsallaka. Hanif ya miƙa yatsu zai kama birki, sai bakin yatsun kawai suka shafi ƙarfen. Ya yunƙura zai sa ƙafa a ƙasa, takalmi ya ƙi barin feda. Ihu kawai ya iya yi.

Ya yi sama da matar, shi da keken suka faɗa cikin kwalbati a manne da juna.

Ƙashin kafaɗarsa ya karye, haƙoransa na gaba suka zube. Likita ya ce ya manta da motsa jiki sai wani lokaci mai nisa, sukarin da ya hau keke don gudunsa kuwa ya ƙara hawa. Amma ba wannan ne ya fi ƙona masa rai ba. Matar, Justina, manomiya ce daga Jiwa, mijinta ya rasu, ita ke ciyar da 'ya'yanta. Cinyarta ta karye a daidai lokacin haƙar doya.

Da ya samu ya miƙe, Murja ta riƙe shi zuwa ɗakin da aka kwantar da Justina a asibitin. Ya yi alkawarin ɗaukar nauyin jinyarta har ta warke. Justina ta dube shi.

"Oga, na ji ihunka," ta ce a hankali. "Kekenka ba shi da birki ne?"

Hanif ya sunkuyar da kai. "Yana da shi, Mama. Hannuna ne bai kai ba."

"To me ya sa ka hau?"

Hanif, wanda ba a taɓa ƙure shi da tambaya a ofis ba, ya sa hannu yana share hawayen da ke bin fuskarsa.

Mai karatu, idan za ka sayi kekenka na farko, kada ƙyalli ko zaƙin bakin mai shago su zaɓa maka. Nemi wanda ya yi daidai da jikinka, ka hau ka gwada, ka koyi tsayawa kafin ka koyi gudu, kuma ka tambayi waɗanda suka riga ka. Girman kan da ya hana ka tambaya ba kai kaɗai zai kayar ba, har da wanda bai ji ba bai gani ba.