Ruwan Wankin Kifin Maƙwabci

Tunda ka ce cigaban ɗan'uwanka na hana ka sukuni, saurari wannan. Wasu masu bandar kifi biyu ne a bakin wani tafki, rumfunansu na jingine da juna. Kullum sai sun fede tarwaɗa kwando-kwando, ruwan wankin kuwa, jini da majina da ƙarni, ya bi kwata ya kwanta, ƙudaje su yi ta biki. Da masu duba-gari suka ce duk wanda warinsa ya sake damun unguwa za a tashe shi, sai ɗayan ya gina kwatami, ya tsoma farantan ƙarfe biyu a ciki, ya ja musu waya daga faifan sola. Wuta na shiga, sai dauɗar ta dunƙule ta taso kamar kumfar miya, a yaɗe ta, ruwa ya fito garau. Da ruwan yake ban ruwan ɗan lambunsa, dauɗar kuma ya shanya ya zuba wa shuka.

Ɗayan fa, abin ya tsaya masa a wuya. Tare suka koyi banda, shi ne ma ya fi iya hura wuta, amma yanzu dillalai wuce rumfarsa suke suna toshe hanci. Da ya yi wa maƙwabcin tambaya ɗaya, da ta wadatar, sai dai girman kai ya ce a'a. In an yabi kwatamin a gabansa, sai ya taɓe baki ya ce, "Wasan yara ne, rana ɗaya zai cika ya tona masa asiri." Da ya ga ranar ta ƙi zuwa, sai ya ɗauki fartanya ya karkatar da kwatarsa ta ƙarƙashin zana, duk ƙazantar rumfarsa ta koma kwatamin maƙwabci, don ya tumbatsa, wari ya tashi, a kori mai shi. Ya zauna yana baza hanci, mako ɗaya, mako huɗu, shiru. Ashe lambun can dama ƙishi yake ji, ruwan rumfa ɗaya ba ya isarsa da rani. Maƙwabcin ya ƙara faranti biyu kawai, ya faɗaɗa lambu har bakin hanya. Ranar kasuwa sai ga shi da kwandon tumatir a ka, ya dire a gaban jama'a ya ce, "Ɗan'uwa, rabonka ne, rabin wannan da ruwanka ya nuna. Allah ya saka." Mutumin ya ce amin da murya kamar ta mai ciwon haƙori. Da yamma matarsa ta yi miya da tumatirin, ga daɗi, ga shi ya kasa haɗiyewa.

Shi ya sa Hausawa suka ce, hassada ga mai rabo taki ce.