Bugun Manaja Na Ido Rufe

Manaja ya ware ƙafafu, ya tura ƙugu baya kamar mai shirin zama a kujerar da babu ita, ya ɗaga sandar golf sama, sannan ya rufe ido.

"Kar ka buɗe, Yaya," in ji Auta, ƙanin matarsa, yana tsugune dab da ƙafarsa yana gyara masa tsayuwa. "Ido ne ke ɓata bugu. Saki kafaɗa. Juya ƙugu. To, sauke."

Sanda ta keta iska. Da aka ba shi izinin buɗe ido, ƙwallo ba ta nan. Auta kuwa ya kare rana da tafin hannu yana hangen can ƙarshen fili, yana girgiza kai irin na wanda abu ya fi ƙarfinsa.

Lauya ne ya jawo duk wannan. Ranar walimar ritayar Manaja, a gaban jama'a, ya shafa tumbin abokin nasa ya ce, "Kai da wannan kayan, ko ƙwallon ba za ka hango ba, balle ka buga." Nan take aka ƙulla: za su kara a fili, wanda ya sha kaye shi zai saɓa jakar sandunan ɗaya, ya bi shi a baya kamar ɗan dako, kowa yana kallo. Manaja bai taɓa ɗaukar ko jakar kansa ba.

Mutum ne da ya ɗauki tafiyar ƙafa a matsayin cin mutunci. Likita ya yi gargaɗi har ya gaji. Matarsa ta yi lallashi, ta yi fushi, ta ɓoye makullin mota, sai ya kira tasi ta kai shi shagon aski da ke kallon ƙofar gidansu.

Da farko a falo ya fara koyo shi kaɗai. Ya karya fanka, ya raba agogon bango gida biyu, kyanwar gidan ta koma maƙwabta da zama. Matarsa ce ta ce a nemo Auta, tunda ya taɓa aiki a filin wasan.

Tun zuwan Auta hannun Manaja ya buɗe. Abu ɗaya ne ya ɗan dame shi.

"Ni fa ba na jin ƙarar bugun."

"Ƙara ai ta 'yan koyo ce, Yaya. Gwani ko ƙwallon ba ta sanin an buge ta."

Bayan dokar rufe ido, sai doka ta biyu: wanda ya buga, shi zai je ya ɗauko da ƙafarsa, in ba haka ba hannu zai manta. Manaja ya so ya yi gardama, amma ya tuna jakar Lauya. Haka yake tafiya yana haki, ya haye tudu, ya zagaye tafki, kuma kullum sai ya tarar da ƙwallon kwance kusa da tutar ramin da ake son ta faɗa, fes da ita. Wata rana ma biyu ya tarar. Auta ya duba su da kyau ya ce ƙarfin bugun ne ya sa ta haihu.

A hankali bel ɗin wandonsa ya fara neman sabon rami. Minshari ya ragu. Manaja ya daina yi wa mutane tsawa, ya koma yi musu nasiha. Duk matsalar duniya, a cewarsa, maganinta ɗaya ne: a rufe ido a saki kafaɗa. Ya faɗa wa direban tasi, ya faɗa wa mai aski daidai lokacin da reza ke kan maƙogwaronsa.

Matarsa kaɗai ce ba ta damu da ɗaukakarsa ba. Ko sau ɗaya ba ta nemi zuwa kallo ba. Kullum kafin ya fita ta riga ta tafi duba yayarta, ta dawo a gajiye ta hau wanke takalma. Ita ma ta faɗa, har tana rage ɗinki. Manaja ya ce albarkar zama da ɗan wasa ce.

Ranar karawa fili ya cika da tsofaffin abokan aiki. Lauya, da yake lauya ne, ya kafe a kan ƙa'ida: kowa ya koma bayan igiya, har da mai koyarwa. Auta ya koma bayan igiya yana ta waiwayen ƙwallon Manaja.

Lauya ya fara. Ƙwas, ƙwallo ta tashi ta faɗi tsakiyar fili. Manaja ya ji ƙarar, har tausayi ya kama shi.

Ya matso. Ya ware ƙafafu, ya rufe ido, ya saki kafaɗa, ya sauke sanda da dukkan abin da ya koya. Shiru. Irin shirun da ya saba. Ya yi murmushi yana jiran tafi.

Da ya gaji da jira ya buɗe ido da kansa. Ga ƙwallo nan zaune a kan ɗan tsinkenta, ko gezau. Ya waiwaya neman Auta, ya same shi yana nazarin gajimare. Lauya har ya fara sauke jakarsa daga kafaɗa don ya miƙa masa.

Sai wani ya nuna can nesa. Daga bayan wata bishiya wata farar ƙwallo ta gangaro a hankali, ta ratsa ciyawa, ta tsaya dab da tuta. Jama'a suka dubi wancan, suka dubi wadda ke gaban Manaja.

Sannan mai aikin ta leƙo daga bayan bishiyar tana haki, jakar hannunta cike da ƙwallaye, tana ɗaga wa Auta hannu alamar an gama, kuma duk nisan wurin, mutum ba ya kasa gane matar da ya tsufa da ita.